Shekarar da Na Raɗa wa Laka Suna

Ranar sunan ɗan 'yata Maryam ina zaune a baranda, sai na ji ɗaya daga cikinku tana tsawata wa 'yarta da ta ƙi cin abinci. Ta ce, "Ki ci, ko in kira Iya Tabawa ta zo ta lashe ki." Yarinya ta buɗe baki nan take, ku kuma kuka kwashe da dariya. Ni kuwa na ture kwanon abincina gefe. Ba na ganin laifinku, haka kuka taso kuka ji, iyayenku ma haka suka ji. Shekara hamsin ba kaɗan ana tsorata yaran zuriyarmu da sunan matar nan, ana cewa mayya ce da ta yi wa gidanmu asiri. To ku buɗe kunne. Iya Tabawa ba mayya ba ce, kuma abin da aka samu a ɗakinta da wannan hannun da nake rubutu aka yi shi.

Gidanmu na Agege kun san shi, ko da yake yanzu an rushe rabinsa an yi shaguna. A lokacin dogon gida ne kusa da layin dogo, ɗakuna suna kallon juna, lungu a tsakiya, rijiya a can baya. Baba fataucin goro yake yi, saboda haka gidan kullum warin ɗanyen ganyen fita yake, wato ganyen da ake naɗe goro da shi. Ɗakin ƙarshe na bakin rijiya shi ne na Iya Tabawa. Ba danginmu ba ce. Daga arewa ta biyo mijinta mai rakiyar shanu, ya rasu a nan, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, sai ta zauna tana tsince wa Baba goro, tana ware mai sankara daga mai kyau. Ba ta da yawan magana. A cikin ɗakinta take girki a ɗan murhu, shi ya sa rufin ya yi baƙi ƙirin, kuma ko damina ta kai damina ɗakin nan da ɗuminsa. Ni kaɗai ce nake shiga in zauna, domin nan ne kawai ba a aikena in na buɗe littafi. 'Yar boko take kirana.

Wadda ta kore ni daga sauran gidan kuwa ita ce Anti Rabi, matar Yaya Sule, wadda kuke kira Hajiya Babba yanzu. Ku da kuka san ta da carbi a hannu ba za ku yarda ba, amma a ƙuruciyarta bakinta ya fi reza. Da aka kawo ta, ɗakina aka ba su, aka mai da ni ɗakin Inna. In ta gan ni da littafi sai ta ce boko ba ya tuƙa tuwo, ta miƙo mini tukunya. Ban so ta ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ƙiyayyar yarinta ce mai wucewa ba. Na tsane ta har cikin raina.

Ina ajin ƙarshe na sakandare a shekarar. Malaminmu na kemistiri wani gajeren Bayarabe ne, muna kiransa Oga Tisha, yana son ya burge mu da Hausarsa. Sai ya ɗaga yatsu ya ce, "Kabon, hannu huɗu ne, ba ƙari, ba ragi." Makarantar tana da akwati ɗaya na ƙwallayen roba da ake harhaɗawa a nuna siffar ƙwayoyin sinadarai, amma rabinsu sun ɓace. Don haka ya ce kowa ya je gida ya gina nasa da abin da ya samu. Aikin shi ne a sa ƙwallon kabon a tsakiya, a maƙala masa abubuwa huɗu daban-daban, sannan a gina ɗan'uwansa kamar yadda zai fito a madubi, a nuna cewa duk juyin da za a yi ba za su hau kan juna ba, kamar hannun dama da na hagu. Bayan haka a nuna yadda ɗaya daga cikin huɗun, wato kulorin, yake fita ya bar wa wani gurbinsa. Wasu suka yi da lemo, wasu da sabulu. Ni da son in fi kowa, na ce da laka zan yi.

Na farko da na yi duk suka tsattsage. Iya Tabawa ta ɗauki ɗaya ta murza a tafinta ya zama gari.

"'Yar boko, wannan ai ƙasa kika jiƙa, ba laka kika kwaɓa ba."

Ashe mutanensu maginan tukwane ne. Ta sa na samo yumɓu a bakin rafin da ke bayan mahauta, ta daka tsohon kasko ta haɗa, ta kwaɓa shi har ya yi laushi kamar ƙullin alkaki. Muka mulmula ƙwallaye goma, biyar-biyar. Na tsakiya muka shafe da baƙin tukunya, shi ne kabon. Ƙaramin muka shafa wa alli, shi ne haidirojin. Kulorin muka turbuɗa a garin lalle ya yi kore. Sauran biyun, ja da ruwan ƙasa, ba sai na cika ku da sunayensu ba. Tsinken tsire na roƙa wajen mai tsiren bakin titi, da shi muka soke ƙwallayen muka haɗa. Da muka ajiye su biyun gefe da gefe, Iya ta daɗe tana kallo, ta ce ikon Allah, ga kama ga rashin kama.

A nan ne wautata ta shigo. Kullum sai na rikice wane ne a dama wane ne a hagu, sai dabara ta faɗo mini, na raba musu sunayen mutanen gidanmu. Baƙin tsakiya Baba, tunda shi ke riƙe da kowa. Ja Inna. Ruwan ƙasa Yaya Sule. Ɗan farin ni. Koren kuwa, mai fita ya bar gurbi, ba sai na faɗa muku wa na ba ba. Na yanka 'yan takardu na rubuta sunayen da ajami, don kada Oga Tisha da 'yan ajinmu su karanta su yi mini dariya. Na ninke kowace ƙanana, na ɗaure da zare a jikin tsinkenta. Ko kusa ban lura da cewa sun koma kamar layu ba. Iya ba ta iya karatu ba, ta tambaye ni me na rubuta, na faɗa mata ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

"Cire su, 'yar nan."

"Haba Iya, laka ce fa da tsinken tsire."

"Laka ce kafin ki kira ta. Mu a gidanmu ko tukunya ba a raɗa wa sunan mai rai."

Na ce mata wannan camfi ne, mu a kemistiri abin da aka gwada aka gani shi ne gaskiya. Ta miƙe ta ɗora ƙwallayen a kan katakon rufi, daidai saman murhu, domin a daminar Legas ko wanki sai ya kwana uku bai bushe ba, balle laka. Ta ce in daina taɓa su kullum, in sun bushe za ta gaya mini.

Wani abu ya riƙa faruwa a kwanakin nan. Duk sanda na shigo, sai in tarar koren ƙwallon ya zame daga tsinkensa ya faɗo ƙasa. Ba na ɗaya ba, na duka biyun, kuma ban da koren babu wanda ya taɓa faɗowa. Na san dalili, ko in ce na ba kaina dalili: laka in tana bushewa tana tsukewa, garin lalle kuma yana sa ramin santsi. Iya dai sai ta tsince shi ta mayar, bakinta yana motsi. Ni kuma abin har daɗi yake mini.

Ranar wata Asabar da hantsi na fito na tarar Anti Rabi ta yage tsakiyar littafin kemistirina tana hura wuta da shi. Cikinta wata shida a lokacin. Na yi magana, ta ce itace ya jiƙe, ko in ba ta takarda ko in ba ta kananzir. Inna ta ce in yi haƙuri, mai ciki ce. Jarrabawa saura mako biyar! Na wuce ɗakin Iya idona ya rufe. Ba ta nan, tana rumfar goro. Ruwa ake yi irin mai sa rana ta koma kamar magariba, kwanon rufi yana ta ƙara. Na taka turmi na sauko da guda ɗaya, na zauna a gabansa kamar mai bitar darasi. Na kama koren na zare, na ce, "Rabi ta fita." Na mayar, na sake zarewa, na sake faɗa. A na ukun ban mayar ba, na matse shi a hannuna, na faɗa da ƙarfi, kuma Allah ya sani da zuciya ɗaya na faɗa. Ban rufe baki ba na ji ƙara daga lungu, irin wadda ban taɓa ji ba.

Anti Rabi ce, kuma ba faɗuwa ta yi ba, ba kaya ta ɗauka ba. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno jini ya ɓalle mata. Aka tare motar haya ta danfo aka sauke fasinjoji aka kai ta asibiti. Kafin la'asar cikin ya zube, namiji ne. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar ɗakin Iya har motar ta tashi, sai da na buɗe hannuna na ga tafina ya yi kore. Na mayar da ƙwallon a tsinkensa, na ɗora abin a inda yake. Na wanke hannu a bakin rijiya ya fi sau goma, amma kun san lalle, ja ya bari.

Bayan kwana uku uwar Anti Rabi ta iso daga Ajegunle, ba ta ko zauna ba. Ta ce ta je wajen mai duba, an gaya mata abin yana cikin gida, a sama yake, kusa da wuta. Har yau ban san yadda aka yi ya faɗi haka ba. Wataƙila kowane gida yana da sama yana da wuta. Ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, babu mai iya hana ta. Da ta shiga na Iya sai muka ji salati. Ta fito da shi a kan faifai, ba ta yarda ta taɓa da hannu ba. Ku kwatanta abin da mutane suka gani: baƙin dunƙule an soke shi da tsinke huɗu, ja da fari da kore, hayaƙi ya turare shi, ga 'yan layu suna reto. Koren kuma ya sake faɗowa, yana gangare shi kaɗai a gefen faifan. Guda ɗaya ta fito da shi, ban ma lura ba a lokacin.

Aka taru a tsakar gida bayan la'asar, har maƙwabtanmu Yarbawa suna leƙe ta katanga. Baba ya sa aka kwance takardun, ya buɗe su ɗaya-ɗaya yana karantawa a hankali. Da ya zo kan ta koren ya karanta sunan Rabi, mata suka ɗauki salati. Amma ni ba su nake kallo ba, Baba nake kallo. Shi ya koya mini ajami da kansa, ya san yadda nake jan wutsiyar harafi, ya sha dukan hannuna a kan haka. Ya ɗago ya dube ni. Na buɗe baki, sai na ji Inna ta damƙe wuyan hannuna, farcenta ya shiga namana. Ita ma ta gane. Kun san abin da ake cewa, maita a nono ake shanta. In aka ce ni ce, to Inna ce, ƙannena mata ne, babu mai sake cin abincin gidanmu, makaranta kuwa sai dai in ji labari. Duk wannan gaskiya ne, amma ba shi ne ya rufe mini baki ba. Abin da ya rufe mini baki shi ne na yarda ni na kashe yaron. Na ɓoye tafin hannuna a cikin zane.

Baba ya juya ga tsohuwar, wadda ke tsaye da ganyen fita a hannu kamar yadda aka kira ta daga aiki.

"Tabawa, a ɗakinki aka sami wannan?"

"A ɗakina aka samu, Alhaji."

"Wa ya yi shi?"

Ta dubi taron, idonta ya bi ta kaina bai tsaya ba.

"Hannuna ne ya kwaɓa lakar."

Ko a nan ba ta yi ƙarya ba. Wata ta ce ai ba ta iya rubutu ba, uwar Rabi ta ce boka ya rubuta mata mana. Baba bai bari kowa ya sake ganin takardun ba, ya dunƙule su ya jefa a murhu, ya sa aka farfasa ƙwallayen aka bi su da kananzir. Mata suka ja 'ya'yansu suna cewa, "Kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa!" Yaya Sule ya ɗauko taɓarya, Baba ya tare shi, ya ce ba za a taɓa ta a gidansa ba, amma gobe ta bi motar goro ta koma garinsu. Garin da ta bari shekara talatin, babu ɗa babu jika.

Da safe na je ɗibar ruwa na tarar da ita a bakin rijiya tana wanke 'yar tukunyarta, ƙullin kayanta a gefe. Babu kowa. Na tsaya da guga, ina so in ce wani abu. Ita ce ta yi magana, ba ta ko ɗago ba.

"Ɗayan yana wurina. Bai bushe ba tukuna, 'yar boko. Je ki yi karatunki."

Aka ɗora ta a saman huhunan goro a bayan babbar mota, babu wanda ya raka ta ko bakin titi. Ni ta tagar ɗakin Inna na leƙa.

Na ci jarrabawa, na ci kemistiri fiye da kowa a makarantar, ko da yake na gaya wa Oga Tisha ruwa ya narkar da aikina. Na yi karatu, na koyar da kemistirin nan shekara talatin da 'yan kai, ɗalibai sun gina ƙwallaye a gabana ba iyaka. Suna cewa ina da tsanani a kan abu ɗaya na banza: duk wanda ya rubuta wani abu a jikin ƙwallo ban da harafin sinadari, sai na karɓe. Ni da Inna ba mu taɓa tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Baba kuwa in motar goro za ta tashi arewa, sai in ga ya keɓe da direba yana ba shi ƙullin atamfa da sabulu, ba ya cewa na wa ne. Na san sunan ƙauyen, yana bayan Kazaure. Na yi hidimar ƙasa a Kano, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba. Ban je ba. Kunya ta hana ni, kuma kunya irin wannan ba ta da wani suna sai rashin imani.

Ina goyon Maryam wani direba ya yi sallama da ni a ƙofar gida, ya miƙo mini ƙulli a cikin busasshen ganyen fita. Ya ce tsohuwar nan da Alhaji ke aika wa kaya ta rasu watan jiya, ita kaɗai a bukka a gefen gari, domin labarin ya bi ta har can. Ta bar wannan ta ce a ba 'yar boko hannu da hannu.

"Ta ce a gaya miki ya bushe."

Na shiga ɗaki na buɗe. Ɗan'uwan wanda aka ƙona ne, ya yi tauri kamar dutse, takardun suna nan a ɗaure. Sai dai koren ƙwallon an naɗe shi da baƙin zare, an zagaya an zagaya an ɗaure shi da na tsakiya tamau. Zaren ba iri ɗaya ba ne, wani ya tsufa wani sabo, wato duk sanda ya ruɓe sai ta ƙara wani. Shekara tara tana wannan. A cikin shekarun nan Anti Rabi ta haifi huɗu, duk suka rayu, daga baya ta ƙara uku. Na yi kuka ranar har Maryam ta ƙi kama nono.

Bayan sunan nan da na ji kuna tsorata yarinya, na kwana biyu ina juyi, sannan na ciro ƙullin nan daga ƙasan akwati na shiga mota zuwa Agege. Na tarar da Hajiya Babba a kan dadduma, ido ya yi rauni amma kunne garau. Na ce, "Anti, na zo da magana," na faɗa mata duka, har da littafin da ta yaga, har da abin da na faɗa sau uku. Na ce likitoci sun san dalilan ɓari da yawa, laka ba ta cikinsu, amma niyyata mugunta ce, kuma tsohuwar da muka kora ba ta yi komai ba sai taimakona. Na ajiye shi a gabanta, ina jiran zagi, ko a kira 'ya'yanta su fitar da ni. Ta lalubo shi, ta bi tsinkayen da yatsa har ta kai kan zaren.

"Wannan ce ni?"

"Ke ce, Anti."

"Wa ya ɗaure?"

"Iya Tabawa."

Hawaye ya riƙa bin kumatunta. Ta ce shekara hamsin tana tsine wa matar nan bayan kowace salla. Na ce in ta yarda zan kwance takardun in ƙone, a fasa lakar, magana ta ƙare. Na kai hannu, sai ta riƙe wuyan hannuna, daidai inda Inna ta taɓa riƙewa.

"Bilki, kada ki kwance. Nan gefen ya fara ci, nemo zare ki ƙara."

Ni da na shekara talatin ina gaya wa yara laka laka ce, na tashi na buɗe gwangwanin ɗinkinta na ɗauko zare. Ita ta riƙe, ni na naɗa.

Yana nan a ƙasan akwatina cikin ganyensa. In na mutu za ku gan shi, kada wanda ya yi salati ya nemi kananzir, kuma kada a zargi kowa, aikin makaranta ne na uwarku. Abin da za ku yi da zaren ya rage naku, ba zan ce muku komai a kai ba. Amma sunan matar nan, daga yau duk wadda ta sake tsorata ɗa da shi ban yafe ba. In yaro ya ƙi cin abinci, ku ce za ku kira Bilki.